Don Allah a taimaka, ruwan sama ya shiga laftof ɗina

Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wa ya san abin da ake yi wa laftof in ruwa ya shige ta? Yanzun nan na shigo gida daga makaranta. Ruwan nan a Kabuga ya tare mu, kuma adaidaitar da na hau babu labule ta ɓangarena. Ni da jakar duk mun jiƙe sharkaf. Da na zaro ta har ɗiga take ta wajen da iska ke fita. Furojet ɗina gaba ɗaya yana ciki, ranar Litinin zan kai babi na huɗu. Wallahi jikina rawa yake.

Auta: Innalillahi. Sannu Anti Ummi.

Injiniya Bash: Wa alaikumus salam. KAR KI KUNNA. Kar ki sa ta a caji. A kashe take, ko rufe ta kawai kika yi?

Ummi: Rufewa kawai na yi na jefa a jaka, Yaya Bash. Ga wata 'yar wuta nan tana ƙiftawa a gefe.

Injiniya Bash: To barci take yi, wuta na yawo a cikinta. Da kin ɗaga murfin za ta farka, kar ki tsaya duba komai. Danne maɓallin kunnawa ki riƙe kamar sakan goma har wutar ta ɗauke. Ki zare duk abin da ke jikinta, fulash ne, linzami ne, katin memori ne. Wace iri ce?

Ummi: Na kashe. HP ce, EliteBook 840 G3, ta hannu na saya.

Maman Iman: Ummi ki samu buhun shinkafa ki tura ta ciki ta kwana biyu. Wayata ta faɗa bokitin wanki bara, haka na yi, ga ta nan da ita nake rubutun nan.

Auta: A wannan marrar wa ke da buhun shinkafa a gida? Mu da kwano muke aunowa 😂

Maman Iman: Kai dai Auta ba a maganar arziki da kai.

Injiniya Bash: Hajiya Maman Iman, da girmanki, amma a bar maganar shinkafar nan. Ummi, ki buɗe ta rabi ki kife ta a kan tawul kamar rufin bukka, kibod yana kallon ƙasa. Ki goge abin da ido ke gani da tsumma mai shan ruwa. Kar ki girgiza ta. Akwai mai sukundireba ƙarama a gidan?

Ummi: Abba yana da irin ta gyaran waya.

Injiniya Bash: Madalla. Batirin wannan a ciki yake, ba irin na da ba ne da ake zarewa ta baya. Sai an kwance murfin ƙasa. Ki ce ya kira ni ta bidiyo in nuna masa, minti goma ne.

Bazazzagi: Ka ji Bakano. Yanzu zai ce a kawo shago.

Injiniya Bash: Bazazzagi sarkin boko, turanci kamar ruwa amma ko sukuru ɗaya ba ka iya kwancewa. Bari in gama da yarinyar mutane in dawo kanka.

Sadiya: Ni dai handiraya na sani. Ki busa mata ta ko'ina.

Baban Affan: A'a Sadiya, don Allah kar ta yi. Ummi ki saurare ni da kyau, ni abin nan ya taɓa cina, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Kun san lokacin ina ɗaukar hoton biki. Daminar shekara uku da suka wuce, cikin watan Agusta irin yanzu, na taso daga wani ɗaurin aure a kan babur ɗina. Tun daga can na ga hadari ya haɗo ta gabas, na ce zan riga shi. A Na'ibawa ya same ni, kamar da bakin ƙwarya. Kyamara na naɗe ta a leda, ita kuwa laftof na ce ai jakar goyo ce mai kauri. Ashe ta zif ruwa ke bi, ya taru a gindin jakar, kwamfutar tana zaune a ciki kamar an jiƙa wanki.

Da na isa gida na goge ta tsaf, na ari handirayar Maman Affan na yi ta busawa har wasu maɓallai biyu suka lanƙwashe don zafi. Na danna, sai ga ta ta kawo. Na yi hamdala, har na ce wa mai ɗakina ai kayan Turawa akwai ƙarko. Na ci gaba da aikina. Kwana na huɗu sai ta fara rubutu da kanta, harafi ɗaya ta yi ta jerowa. Na ce kibod ne. Kwana na shida caji ya fara shiga yana fita. Ranar kwana tara ina tsakiyar haɗa bidiyon amarya ta ɗauke ɗif, da wani ɗan ƙauri kamar an ƙona roba. Shi ke nan.

Na kai wa wani mai gyara, ba zan faɗi wurin ba. Ya ce in bari in dawo jibi. Jibi ta zama mako biyu. Kullum "Oga ana kan aiki." Da na gaji na karɓo na kai wa wani dattijo. A gabana ya buɗe, ya juyo min bod ɗin, wato babban allon nan na cikinta da duk kayan wuta ke kai, ya ce duba. Wajen ramin caji duk ya yi kore-kore da fari-fari kamar gishiri ya bushe. Ya ce da ranar da ruwan ya shiga aka cire batir aka wanke, da ba ta kai haka ba. Kwana taran nan da na yi ina murna, tsatsa ce ke cin ƙafafun 'yan ƙananan kayan nan, ni kuma ina ƙara mata wuta. Sannan ya tambaye ni, ram ɗinka, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, nawa ne? Na ce 16. Ya ce to 4 ne a nan.

Wannan duk mai sauƙi ne. Hotunan biki uku ne a ciki. Allah ya taimake ni had dis ɗin, wato ma'ajiyar da hotunan ke ciki, bai taɓu ba, dattijon ya sa shi a ɗan gidansa ya jona a wata kwamfutar muka kwashe. Amma sai da na yi sati uku ina ɓuya wa uwar wata amarya, in na ga lambarta gabana ya faɗi.

Saboda haka ko ta kawo, kar ki yarda da ita. Ta kawo ba ta warke ba ne. In za ki kai gyara, ki tsaya a buɗe a gabanki, ki ɗauki hoton cikin da wayarki, kuma abin da aikinki ke ciki ki sa a cire a ba ki a hannu ki taho da shi gida.

Sadiya: Subhanallahi. To na janye handirayata.

Auta: Ram 16 ya koma 4, ruwa ne ya wanke 12 ɗin 😂😂

Baban Affan: Yi dariya yaro. Ranar naka na zuwa.

Bazazzagi: Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Maman Iman: To ni dai tawa wayar ta tashi, kuma shinkafa na sa. Abin da na gani da idona nake faɗa.

Injiniya Bash: Na dawo. An cire batir, Abba yaron kirki ne, hannunsa bai rawa. Akwai ruwa kwance wajen fanka da gefen ram. Na ce su dangwale da tsumma, su bar murfin a buɗe, su sa ta gaban fanka ta kwana.

Hajiya, wayarki ta tashi ne don kin ƙyale ta kwana biyu ba ki taɓa ba, ba don shinkafa ba. Da a kan tebur kika ajiye ta ma haka za ta yi. Shinkafa ba ta janyo ruwan da ya shige ƙarƙashin bod. Abin da take yi shi ne ta zuba gari da 'yan gutsattsari cikin ramuka. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa kar a sa iPhone a cikin shinkafa saboda wannan dalilin. Balle laftof mai fanka da ramukan iska. Na sha buɗe kwamfuta in tarar da ƙwayar shinkafa ta maƙale a fanka.

Maman Iman: Su Apple ɗin sun taɓa zuwa Kano?

Auta: Hajiya ta ci wannan zagayen.

Malam Habu: Jama'a a riƙa tausasa harshe. Ummi Allah ya kiyaye gaba. Sannan ina tunatar da waɗanda ba su turo kuɗinsu na Asabar ba, mutum bakwai suka rage, kun san kanku.

Sadiya: Allah ya gafarta Malam, nawa na bayar a hannu tun ranar sunan.

Malam Habu: Na gani, ba da ke nake ba.

Nura Dakata: Ni abin da ban gane ba, ai ruwan sama tsaftatacce ne. Na ji an ce ruwa mai tsabta ba ya ɗaukar wuta. In ta bushe ba shi ke nan ba?

Injiniya Bash: Tambaya mai kyau. Gaskiya ne ruwan sama ya fi shayi ko lemo ko kunu sauƙi nesa ba kusa ba, don waɗancan suna barin suga ya danƙare. Amma ka taɓa ganin cikin laftof ɗin da ta yi hunturu biyu a garin nan? Ƙura ce fal. Ruwa na haɗuwa da ita ya zama taɓo, taɓon nan kuwa yana ɗaukar wuta sarai. Ga dattin jaka, ga na titi da mota ke fantsamawa.

Abu na biyu da mutane ba su sani ba: ko ka kashe kwamfuta, muddin batir na jone akwai layukan da ba sa mutuwa, na bolt 3 da na bolt 5, su ke jiran ka danna maɓalli. Caja kuma wajen bolt 19 take turowa. In ruwa ya haɗa layin 19 da wanda aka yi don 3, nan take abu ya ƙone. In ma bai ƙone ba, wuta da danshi in sun haɗu a kan ƙarfe tsatsa suke haifarwa, kuma ba ta jiran sati, cikin awoyi take farawa. Shi ya sa ban damu da bushewa ba kamar yadda na damu da batir. Bushewa ta biyo baya.

Nura Dakata: Na gamsu. To a shanya ta a rana mana, ta fi fanka sauri.

Injiniya Bash: Wace ranar? Kwana uku ke nan ana marka-marka. Ko da akwai ma ban ba da shawara ba, zafin rana kai tsaye yana lalata fuskar kwamfuta, batir kuma ya kumbura. Inuwa da iska. Da hunturu ne kwana ɗaya ya isa, amma iskar Agusta ita kanta jiƙaƙƙiya ce, sai a ba ta kwana biyu zuwa uku.

Bazazzagi: Da ThinkPad ta saya da duk ba a yi wannan doguwar maganar ba. Akwai 'yan ramuka a ƙasanta da ruwa ke bi ya fice in ya zuba a kibod.

Nura Dakata: An fara. Kullum ThinkPad, kamar ana biyanka.

Bazazzagi: Shekara shida tana hannuna, ko tari ba ta taɓa yi ba. Ku kuma 'yan HP kullum kuna hanyar Farm Centre wajen masu gyara.

Nura Dakata: Mummuna kamar akwatin ƙarfe. Dell ta fi su duka.

Injiniya Bash: Ramukan nan an yi su ne don kofin ruwa da ya zube ta sama. Ba a yi su don kwamfutar da ta yi wanka a gindin jaka ba, wannan ta gefe da ta ƙasa yake shiga. Duk na gyara su, ThinkPad ɗin, Dell ɗin, HP ɗin. Ruwa bai san suna ba.

Sadiya: Mu masu MacBook muna gefe muna kallo.

Injiniya Bash: Ke ce ma ya kamata ki fi kowa tsoron hadari. Na yanzu ma'ajiyarsu a liƙe take da bod, ba a cirewa. In bod ya tafi, sai wani ikon Allah. Ta Ummi kuwa sukuru ɗaya ne a zare SSD, wato ma'ajiyar tata.

Sadiya: Yaya Bash ka tsorata ni wallahi. Bari in je in tura kayana sama, can intanet.

Ummi: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Yaya Bash, cajar ma ta jiƙe. Sannan a fuskar akwai wani tabo kamar taswira daga ƙasa, na gan shi kafin in kashe.

Injiniya Bash: Cajar kar ki kusantar da ita da soket, wannan wutar NEPA ce kai tsaye, ba wasa. Rataye ta ta tsane kwana biyu, in kin zo da ita na auna. Tabon kuma ruwa ne ya shiga tsakanin fallayen fuskar. Wani yana ɓacewa a hankali, wani ya bar alama. Kar ki danna wurin da yatsa.

Hassan: Slm. Akwai laftof masu kyau sun sauka, HP da Dell, farashi mai sauƙi. Mai buƙata ya yi min magana ta gefe.

Auta: Ba a ma yi jana'iza ba har an fara rabon gado.

Malam Habu: Hassan, mun yi magana a kan talla. Ranar Juma'a ce kawai.

Hassan: Afuwan Malam. Ai na ga yau Alhamis da dare ne.

Baban Affan: Ummi, wai ba ki da kwafin aikin a wani wuri? Ko imel?

Ummi: Babi na ɗaya zuwa na uku na tura wa malamina ta imel, suna nan. Na huɗun ne babu ko'ina, da duk alƙaluman da na tattaro. Wata biyu ina yawon raba takardun tambaya.

Baban Affan: Kayya. To in Allah ya sa aka fito da shi, daren ranar ki tura wa kanki ta imel, ki sa a Google Drive, ki sa a fulash. Ni yanzu ko hoton ɗan akuya na ɗauka sai ya kwana a wuri biyu.

Nura Dakata: Wani abu kuma, ki tuna ko an kulle ma'ajiyar da BitLocker. In an kulle, ko an jona a wata kwamfutar sai ta nemi mabuɗi mai lamba 48. Yawanci yana cikin asusun Microsoft na mai ita. Ya faru da ƙanina, sai da muka kwana muna neman fasuwod ɗin imel ɗin da ya buɗe tun yana sakandare.

Ummi: Ban san ma mene ne wannan ba 😭

Injiniya Bash: Bar shi sai mun gani, kar a ƙara miki tashin hankali. Ki kawo gobe da safe, ba sai ta gama bushewa ba, wankewa za a yi.

Sadiya: Wankewa kuma? Abin da ruwa ya ɓata?

Injiniya Bash: Ba da ruwa ba. Akwai sinadarin aisofurofil, a jikin kwalbar za ki ga IPA 99%. Da shi da buroshi mai laushi ake bin bod, yana kore danshi da datti ya bushe nan da nan. Wanda ya yi tsanani akwai injin da ake tsoma bod a ciki yana girgiza dattin ya fita. Abin da ba na so shi ne fetur da tina da wasu ke amfani da su. Fetur yana barin maiƙo, tina kuma tana cin roba. Sifirit ɗin kemis ma akwai ruwa a cikinsa fiye da yadda ake so.

Bazazzagi: Ban faɗa muku ba? An kai shago.

Injiniya Bash: Kyauta zan duba mata. Kai ne in ka kawo akwatin ƙarfenka sai ka biya ninki biyu.

Maman Iman: Ummi in ba ki yarda da shinkafa ba, ki nemi 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Injiniya Bash: Yauwa, wannan kam na yarda, silika ce, aikinta ke nan shan danshi. Sai dai guda biyu ko uku ba za su yi wa laftof komai ba, sai an tara da yawa a rufe su tare a mazubi.

Auta: Wato sai Anti ta sayi takalmi ƙafa hamsin.

Malam Habu: Saura mutum biyar.

Nura Dakata: Ni tun da abin ƙanina ya faru, babbar leda nake ninkewa a jaka daga Yuni har Oktoba. Da na ga gari ya haɗe sai in zura kwamfutar in ƙulle. Jakunkunan nan da ake cewa ruwa ba ya shiga, yayyafi kawai suke iya tarewa.

Sadiya: Wai ina labarin Ummi ne? Shiru tun shekaranjiya.

Ummi: Afuwan jama'a, ina ta fama ne. Alhamdulillahi babi na huɗu ya fito, babu wani kulle a kai. A gabana Yaya Bash ya zare abin ya jona a tasa, na ga fayil ɗina sai da na yi hawaye. Na tura imel, na sa a fulash biyu, har Abba na tura wa. Bod ɗin ya ce farin abu ya fara fitowa a wuri biyu kusa da fanka, ya wanke, ya bar ta ta kwana biyu, yau da rana aka mayar da batir ta kawo. Tabon fuskar yana nan amma ya ragu. Kibod ne dai wasu haruffa ba sa yi, A da S da Z. Na ari na waje mai igiya ina ƙarasa gyaran da shi.

Baban Affan: Alhamdulillahi. Amma ki sa mata ido sati biyu, kin ji labarina.

Injiniya Bash: Haka na ce mata. In ta ji ƙauri, ko caji ya fara wasa, ko ta ga ƙasan ya kumbura, ta kashe ta kawo. Kibod sai an canza, zan duba Beirut Road ko za a samu.

Auta: Harafin A ya mutu? To ai Hausa ta tsaya. Gwada rubuta "Allah ya saka da alheri" babu A mu gani.

Maman Iman: Da an sa a shinkafa da A ɗin bai mutu ba.

Bazazzagi: Da ThinkPad ce...

Nura Dakata: Don girman Allah ka ƙyale mu.

Malam Habu: Barka Ummi, Allah ya ba da sa'a gobe. Saura mutum biyu, kuma ɗaya yana ta zuba a nan tun ranar Alhamis.

Auta: Malam wallahi yau zan turo.

Kawu Tijjani: Salamu alaikum. Yanzu na sa data na ga saƙo sama da ɗari, ban iya bi duka ba. Wai kwamfutar wa ruwa ya shiga? A yi maza a tura ta cikin shinkafa.

Auta: Yaya Bash, ga naka nan.